Jar Giya a Ƙoƙon Maigidana

Ni ban yi boko ba. Faɗa nake yi, jikata tana rubutawa, kuma na gaya mata kada ta gyara mini magana, kada ta tsaya lallashina in ta ga na yi kuka a tsakiya. Kuka ya saba da ɗakina tun da maigidana ya rasu. Mutane suna cewa in yi haƙuri, ya huta, yana wurin Ubangiji. Na yarda da wannan duka. Amma ni aka bari da gado mai faɗi, da kujerarsa a gindin mangwaro wadda ba mai zama a kai sai kaji.

Maganar wata giya nake so in yi, ja, ta cikin kwalba, wadda na ɗanɗana a damunar da ta wuce. Sunanta ba ya zama a bakina, don haka na ce yarinyar ta kwafe shi yadda yake a jikin kwalbar: Zinfandel. Sai dai ba zan iya faɗin yadda na ji ta ba sai na fara da ƙoƙon da na sha ta a ciki.

Maigidana ma'aikacin reluwe ne a Kafanchan, cikin masu bin layin dogo da guduma suna duba inda ƙarfe ya saki. A lokacin tashar tana da rai. Jirgin Fatakwal ya shigo, na Jos ya fita, mata suna gudu gefen taragu da ayaba da dafaffiyar gyaɗa a ka. Muna zaune a barikin ma'aikata, ɗaki guda da ɗan madafi. Na shuka duma a bayan madafin, ya hau rufin kwano ya yi 'ya'ya. Maigida ya zaɓi ɗaya madaidaici, ya jira ya bushe, ya yanka shi da hannunsa, ya kankare cikin har ya yi sumul. Ya ce, "Wannan nawa ne. Ko gwamna ne ya zo, a nemo masa wani."

Ni kuma burukutu nake dafawa, yadda uwata ta koya mini. A jiƙa dawa, a rufe ta da ganye har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, a tace, a sake dafawa, sannan a zuba mata 'yar ragowar ta baya a bar ta ta tashi. Cocinmu bai hana sha ba, maye ya hana, kuma ban taɓa ganin an ɗauko maigidana daga ƙasa ba. Duk tukunyar da na sauke, shi ne mai ɗanɗanawa. Yana da yadda yake yi. Ya karkata ƙoƙon ya dubi launi, ya juya shi a hankali, ya sa hanci, sai ya kurɓa ya riƙe a baki yana kallon sama kamar mai tuna sunan wani. Sannan ya faɗi gaskiya.

"Uwargida, yau kin yi saurin janye wuta."

"To gobe kai ka zo ka tsaya a hayaƙin."

"A'a, an raba aiki. Naki hannu, nawa baki."

Ranar da ta yi daidai kuwa ba ya yabo. Sai dai ya sake kurɓa, ya miƙo mini ƙoƙon in ƙara masa.

Sau ɗaya ƙoƙon ya faɗi ya tsage a gefe. Na ce a jefar, ga duma cike da gari. Ya ƙi. Ya sa shi a aljihun kwat ɗinsa na aiki, ya kai wa wani tsoho mai gyartai a kasuwar Kafanchan, Bahaushe Musulmi da ke zama kusa da masu goro. Tsohon ya karɓa, ya kai hanci, ya yi baya da kai, ya ce, "Subhanallahi! Maigida, wannan ai ko ɗinka shi na yi sai na sake alwala." Amma ya ɗinka, ɗinki mai kyau, ƙanana a jere kamar haƙoran yaro. Daga nan suka zama abokai. Duk Kirsimeti sai an kai masa shinkafa da kazar da aka ba shi ya yanka da kansa, shi kuma da Sallah ya aiko mana da cinya.

Da jirage suka yi ƙaranci, maigida ya karɓi fensho muka koma ƙauyensu, ba nisa da gari. Ya shiga noman citta. Bayan an tono an tsaga an shanya, ya bi mota zuwa Kachia da buhuna, ya dawo mini da gishiri da atamfa da labarin duk wanda ya yi faɗa a kasuwa. A shekarun nan ne ɗanmu na fari ya rasu a haɗarin mota, matarsa ta sake aure, aka kawo mana 'yarsu tana tatata. Ita ce wannan mai rubutun. A gwiwar kakanta ta girma, tana leƙa ƙoƙonsa tana yamutsa fuska.

Gidan su maigidana suna da al'adarsu in an zo tambayar yarinya. Masu nema su kawo giya. Wanda ya kawo shi zai fara sha a gaban kowa, don a ga ba abin cutarwa a ciki. Sannan a zuba a ƙoƙon mai gida, ba a na baƙo ba, ba a na aro ba. Babban gida ya kurɓa sau ɗaya ya faɗi yadda ya ji ta, da daɗinta da aibinta. In ya ajiye ƙoƙon a ƙasa, ba a yarda ba, baƙi su ci abinci su koma. In ya sake kurɓa, an ba su yarinya. Maigidana yakan ja kunnen jikarsa ya ce, "Ke, giyarki ni zan sha. In mai nemanki ya kawo mini ruwan wanke tukunya, a gida za ki tsufa." Ita kuma ta ce, "Baba, ai kai ka ce ni ce matarka, wa kuma zai zo?"

Bai kai ba. Ciwon ƙirji ya kwantar da shi, muka yi ta zirga-zirgar asibiti, wata safiya ya tafi ina riƙe da ƙafarsa.

Bayan an share makoki aka raba kayansa ga dangi, yadda ake yi. Riguna, takalman ruwa, fartanya, keken da ya daɗe bai hau ba. Matan zumuntar coci suka zo suka wanke mini ɗaki tas, suka shanya katifa, suka wanke zannuwan gado da omo. Alheri suka yi mini. Amma da na shiga na kwanta, sai na ji ɗakin kamar na wani. Ba inda na sa hanci na ji shi.

Sai a ƙoƙon. Ƙoƙon giya ba a sa masa sabulu, ɗauraye shi ake yi a kife. Shekara da shekaru cikinsa ya yi duhu kamar jemammiyar fata, ya sha tsamin burukutu da hayaƙin madafina. Bayansa kuma ya sha hannun maigida: citta, gumi, da man kaɗen da yake shafa masa don kada ya sake tsagewa. In na kifa shi a fuskata na ja numfashi, sai in ji kamar ya dawo daga gona ya zauna yana cire takalmi. Na sa shi a langa mai murfi, na tura ƙarƙashin gado. Ba kullum nake buɗewa ba, don ina tsoron ƙanshin ya ƙare. Sai ranar da abin ya yi mini nauyi, ko Lahadin da aka rera waƙar da yake so a sujada. In buɗe, in shaƙa, in yi kukana, in rufe da sauri.

Haka nake har jikata ta gama karatun jinya ta sami aiki a Kaduna, ta haɗu da wani yaro da ya tashi a Sabon Tasha, amma iyayensa 'yan ƙasarmu ne. Aka sa ranar da za su zo tambaya.

Babban gida yanzu ƙanen maigidana ne. Shi kuwa tun da ya koma wani sabon coci ya bar giya, ko warinta ba ya so. Ya same ni ina tsince acca, ya ce, "Matarmu, akwai matsala. Ni ba zan kurɓa ba."

Na ce, "Maigida ƙarami, kai da a da sai an ɓoye maka tukunya?"

"Wancan mutumin ya mutu, an yi masa baftisma."

"To a kawo lemo ka kurɓa."

"Lemo ba shi da aibin da za a faɗa. Yayana ya ce giyar yarinyar nan a ƙoƙonsa za a sha. Ke kika dafa masa duk abin da ya shiga ƙoƙon nan. Na yi magana da dattawa, sun ce ke za ki zauna a madadinsa, ni in yi addu'a."

Shan bai dame ni ba. Ƙoƙon ne. Da burukutu za su kawo, da na ce zai ƙara masa irin abin da ya sani. Amma jikata ta riga ta gaya mini ta waya cewa wan yaron yana aiki a wani otal a Abuja, shi ne mai kula da abin sha, kuma ya ajiye wata kwalba ta musamman don wannan rana. Na san duma. Duk abin da ka zuba masa mai ƙarfi, shi zai riƙe, ya saki na baya.

Da safen ranar na fito da wani ƙoƙo da na saya wurin Bafulatanar da ke kawo mana nono. Na juya shi, na ce a raina ƙanen miji idonsa ya yi rauni, baƙi kuma ba su taɓa ganin na gaskiyar ba. Ina zaune a bakin gado, sabon yana cinyata, langar tana gaban ƙafata, sai jikata ta shigo neman ɗankwali. Ta dube ni, ta dubi langar. Ashe ta daɗe da sanin abin da nake yi in na rufe ƙofa.

Ta durƙusa ta ce, "Kaka, bar shi a inda yake. Ko a kofin roba kika sha, ni dai kin sha."

Da ta roƙe ni in fito da shi, ina jin da na hana. Amma ta ce in bar shi, ita da ba ta da uba, ba ta da kakan da ya yi mata alkawari, tana murmushi don kada in ji nauyi. Na ce, "Tashi ki ɗaura ɗankwalinki, kin tsaya kina koya mini al'adar gidan mijina." Da ta fita na mayar da sabon cikin kwando.

Baƙi suka iso da hantsi, an ɗauke ruwan sama ke nan, ƙasa tana tururi. Wan yaron ya ce kwalbar ta sha zafi a hanya, tun daga Mararaban Rido rana take dukan motar, ya roƙi a sanyaya ta kaɗan, amma kada ta yi sanyi ƙarara. Ba mu da wuta ranar, sai na naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma na jingina ta da randa. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin mangwaro. Ƙanen miji ya yi addu'a mai tsawo har miyar gauta ta fara hucewa. Kawun yaron ya faɗi abin da ya kawo su. Sannan aka ce a kawo abin sha.

Wan yaron mutum ne mai ladabi. Ya durƙusa a gabana ya nuna mini kwalbar da hannu biyu. Ya ce daga Amurka take, da baƙin inabi ake yin ta, kuma sai ta daɗe a gangar katako kafin a ɗura. Ya murɗa wani ƙarfe ya zare toshiyar, ta yi ƙara kaɗan. Ya fito da kofin gilashi mai doguwar ƙafa ya zuba wa kansa, tunda shi zai fara sha. Sai na ga ya karkata kofin ya dubi launi, ya juya shi a hankali, ya sa hanci, ya kurɓa ya riƙe a baki yana kallon sama.

Hawaye suka zubo mini. Ya tsorata, ya ce, "Mama, na yi wani laifi ne?"

Na ce, "Ba ka yi ba, ɗana. Wa ya koya maka haka?"

"A wurin aiki ne, Mama."

"Mai kujerar can haka yake yi. Shi ba wanda ya koya masa."

Na buɗe langar a gaban mutane. Da wan yaron ya ga cikin ƙoƙon sai ya ce a hankali, "Mama, zai canza mata ɗanɗano fa." Ƙanen miji ya ce, "Ita ta zo gidanmu, ba mu muka je nata ba." Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Na kifa ƙoƙon a fuskata na ja numfashi mai tsawo, ban damu da masu kallo ba. Sannan na miƙa, na ce ya zuba.

Ga yadda na same ta. A launi ta fi zoɓo duhu, ja ce mai neman komawa baƙi, kuma in an juya ta tana barin sawu a jikin ƙoƙo tana gangarowa a hankali. Da na sa hanci, abin da ya fara zuwa mini ɗinya ce, irin wadda ta nuna ta faɗo da kanta, muna yara muna tsinta a hanyar rafi bakinmu ya yi baƙi. A bayanta akwai masoro, da wani ɗan hayaƙi kamar na itacen da ya ci ya mutu. A ƙarƙashin duka kuma, a wannan lokacin, tsamin burukutuna yana nan, da citta. Su biyun suna tare.

Na kurɓa na riƙe. Da farko zaƙi-zaƙi, kamar maɗin ɗinya da aka dafa ya yi kauri, amma ba zaƙin sukari ba ne. Sai ɗan tsami ya biyo. Sai bauri ya kama mini dasashi da gefen harshe, kamar na goro, ya busar da baki. Da na haɗiye, ɗumi ya sauka ƙirji ya bazu har kafaɗu, yajin masoron kuma ya zauna a maƙogwaro ya ƙi tafiya.

Yaron da ke neman jikata yana zaune a gefe cikin farin kaftani, gumi yana bin wuyansa.

Na ce, "Wanda ya dafa wannan bai yi gaggawa ba, kuma bai yi rowar kaya ba. Tana da jiki, tana da ƙanshi. Aibinta biyu. Na ɗaya, ba abinci ba ce. Burukutu mutum ya sha ya ɗauki fartanya, wannan kuwa sai an nemo mata gasasshen naman akuya da yaji, in ba haka ba ta ci cikin mutum." Wan yaron ya gyaɗa kai yana dariya, ya ce da gashi suke ba da ita. Na ce, "Na biyu, tana ɓoye ƙarfinta. Ta shigo da fara'a, sai ta zauna sannan ka san ko wace ce. Saurayina, dube ni. In halinka irin nata ne, faɗa mana tun yanzu."

Yaron ya ce, "Kaka, wallahi ni kunu ne. Yadda kika gan ni, haka nake."

Kawunsa ya ce, "Kunun ma marar sukari." Tsakar gida ta ɗauki dariya, har ƙanen miji ya share ido.

Na dubi jikata tana leƙowa daga ƙofar madafi. Na ɗaga ƙoƙon na sake kurɓa. Mata suka rangaɗa guɗa. Aka miƙa wa yaron ragowar ya shanye, yadda ake yi, shi kuwa bai iya riƙe ƙoƙo ba, ya zubar da rabi a gaban kaftaninsa. Na ce ya bar shi haka ya shiga Sabon Tasha, kowa ya san an ba shi mata.

Daga baya wan nasa ya ba ni kaɗan a gilashi don in gwada. A nan ɗinyar ta fi fitowa, hayaƙin ya ragu, ta fi tsabta a baki. Mai kyau ce. Amma ta ƙoƙon ta fi zama mini.

Da yamma bayan sun tafi na ɗauraye ƙoƙon da ruwa na kife. Washegari na ɗauka. Cikinsa ya rine, duhun nan ya koma ja-ja, har zaren ɗinkin mai gyartai ya sha launi. Na sa hanci. Ɗinya da masoro. Na juya bayansa, nan ma giyar da yaron ya zubar ta bi ta wanke. Na ce bari ya sha iska, wataƙila ƙanshin maigida da ke ƙasa ya taso. Na jira kwanaki, na jira har aka fara tonon citta. Bai taso ba.

Na yi kuka kamar ranar da aka fita da gawar maigidana. Ba zan ɓoye ba, har yanzu in na tuna sai in ji kamar sau biyu na binne mutumin nan, na biyun da hannuna. Wani lokaci ina zaune sai ƙanshin ya gifta mini a rai, in ce ga shi, kafin in kama ya wuce. Ina tsoron ranar da ko giftawar zai daina.

Ga mai rubutun nan ta ajiye biro tana goge ido, tana cewa in yafe mata. Ɗauki abinki, ba ke kika zuba ba, ni na miƙa. Rubuta cewa giyar ta yi, kuma da za a mayar da ni safiyar nan, da ƙoƙon nan zan sake fitowa, ina kuka ina miƙawa. An sa biki bayan an sayar da citta. Na aika wa wan angon cewa in zai zo ya riƙo mini irin ta ranar nan, kwalba ɗaya ta isa, ni kuma zan sa a gasa akuya.